Kada Ka Cika SSD Har Wuya: Yadda Ake Ware Mata Fili Don Sauri da Tsawon Rai

Duk shekara idan lokacin rubuta furojet ya kama, ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na kwalejojin cikin gari sukan zo mana shago da kuka iri ɗaya. A bazarar da ta wuce wani ya ajiye mini kwamfutarsa a kan tebur, ya share zufa ya ce, "Malam, kwamfutar ga ta gaji. Bara ka sa mata SSD tana tashi kamar walƙiya, yanzu sai in kunna ta in tai in yi alwala in dawo ba ta gama shiryawa ba." Na buɗe This PC, sai ga layin faifan C ya yi jajir. Cikin giga 238 saura giga 3. Na ce masa, "Ɗan'uwa, faifanka lafiyarsa lau, numfashi ka hana shi."

Windows takan mayar da layin nan ja ne idan filin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma yawancinmu mukan ɗauke shi gargaɗin cewa wurin ajiya ya kusa ƙarewa, shi ke nan. A tsohon faifai mai juyawa kusan haka abin yake. A SSD kuwa, wato faifan ajiya na zamani marar juyawa, filin da babu komai a cikinsa kayan aiki ne, da shi take gyara kanta. Sai ka gane dalilin haka kafin matakan da zan kawo su zauna maka a kai, don haka bari mu fara da shi.

Abin da ke faruwa a ciki

Duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san yadda SSD take aiki, sunan ne kawai bai sani ba. Idan ka rubuta allo da tawada, ba ka iya ɗora sabon rubutu a kan tsoho. Ba ka kuma iya wanke layi ɗaya ka bar sauran. Ko dai ka wanke allon gaba ɗaya, ko ka bar shi yadda yake. Ƙwayoyin ajiyar da ke cikin SSD, waɗanda ake kira NAND, haka aka ƙera su. Ana rubutu layi-layi, kowane layi kilobayit 4 zuwa 16, amma gogewa sai allo guda, kuma allo ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan layuka.

To idan ka gyara fayil fa? Faifan ba ya komawa kan tsohon layin. Sai ya rubuta sabon a wani allo mai tsabta, ya sa wa tsohon alamar cewa ya mutu. A hankali alluna su cika da gauraye, wasu layukan masu rai, wasu matattu. Akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa a cikin faifan, kwantirola, wadda aikinta shi ne ta zaɓi allo, ta kwafe layukan da ke da rai zuwa wani allon, sannan ta wanke na farkon. Wannan kwashe shara take yi dare da rana ba tare da ka sani ba.

Ga lissafin da ke nuna muhimmancin fili. Ɗauki allo mai layi 10. Idan 8 sun mutu, kwantirola za ta kwafe 2 kawai, ta samu gurbin sababbi 8. An yi rubutu 10 don a adana naka 8, asarar kaɗan ce. Idan 5 suka mutu, ta kwafe 5 ta rubuta naka 5, aikin ya ninka biyu. Idan kuwa faifan ya cika har ya zama layi 2 ne kawai matattu a kowane allo, dole ta kwafe 8 kafin ta sama maka gurbin 2. Rubutu 10 ke nan saboda naka 2, ninki biyar. Wannan ninkin rubutu shi ne tushen matsalar duka. Yana cinye sauri, domin faifan ya shagala da kwafe-kwafen cikin gida kai kuma kana jira. Yana kuma cinye kwana, domin kowane allo yana da iyakar wankin da zai jure. Irin ƙwayoyin da ke cikin yawancin faifan kasuwa a yau, TLC, sukan jure wanki tsakanin 1,000 zuwa 3,000. QLC, mai araha, ba ta kai haka ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya: faifan yana buƙatar alluna masu tsabta kafin ya iya samar da wasu masu tsabta.

Akwai abu na biyu, kuma shi ne wanda mai amfani ya fi saurin ji a jikinsa. TLC tana cusa bit 3 a kowace ƙwaya, QLC bit 4, kuma cusawar tana ɗaukar lokaci. Saboda haka masu ƙira suka yi wa faifan zaure. Duk abin da ka tura, a zauren ake fara sauke shi da sauri, bit ɗaya a ƙwaya, sai faifan ya samu sarari ya shigar da shi cikin gida a tsanake. A faifai da yawa girman zauren ya dogara ne da filin da ya rage. Faifan ya cika, zauren ya tsuke. Shi ya sa za ka ga kwafin babban fayil ya fara da megabayit 400 ko 500 a daƙiƙa, can sai ya rikito ƙasa kamar an taka birki.

Kamfanin ya riga ya ɓoye wani fili tun daga masana'anta, wanda ba ka iya gani. Kwastomomi sukan yi mini ƙorafi cewa sun sayi 256 amma Windows ta nuna 238, ko 512 ta nuna 476, ko tera 1, wato giga dubu, ta nuna 931. Ba a cuce ka ba. Kamfani yana ƙirga giga ɗaya a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, ita kuwa Windows da ƙwayoyin ajiyar suna ƙirgawa da 1,024 a kowane hawa. Bambancin ya kai kusan kashi 7 cikin 100, kuma a bisa al'ada wannan ratar ce ake bar wa kwantirola a matsayin filin ko-ta-kwana. Faifan da aka rubuta wa 240 ko 480 ko 960 yawanci an ƙara masa wani abu a kan haka. Na manyan kwamfutocin kamfanoni, wato sabobi, masu rubutu ba dare ba rana akan sayar da su a 400 ko 800, an ware musu abin da ya kai kashi 28. Kashi 7 ya isa faifan ya rayu. Bai isa ya yi sauri ba idan kai ka cika naka ɓangaren taf.

Mataki na farko: san halin faifanka

Danna maɓallin Windows, rubuta Defragment and Optimize Drives, ka buɗe. A ƙarƙashin Media type za ka ga ko Solid state drive ne ko Hard disk drive. Na sha ganin wanda aka sayar wa tokumbo da sunan tana da SSD alhali mai juyawa ce a ciki, don haka kada ka tsallake wannan.

Sannan sauke CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta. Abu uku za ka duba: Health Status, zafin faifan, da Total Host Writes, wato jimillar abin da aka taɓa rubutawa tun yana sabo. Kwatanta wannan jimillar da alkawarin kamfani, wanda ake rubutawa da TBW. Kingston A400 mai giga 240, wanda ya cika kasuwanninmu, alkawarinsa tera 80 ne. Samsung 870 EVO mai giga 500 kuwa tera 300. Idan faifanka NVMe ne, wato nau'in SSD mafi sauri da ake makalawa kai tsaye a allon kwamfuta, kuma kana kan Windows 11, ba sai ka sauke komai ba: Settings, System, Storage, Advanced storage settings, Disks and volumes, sai Properties na faifan, zai nuna maka kiyasin kwanan da ya rage da zafinsa.

A nan ya kamata in faɗi wata gaskiya, don kada in sayar maka da tsoro. Ɗalibi ko ma'aikacin ofis da ke rubuta giga 20 a rana yana rubuta tera 7.3 ne a shekara. Tera 80 za ta kai shi kusan shekara 11. A wurinsa ribar barin fili ita ce sauri, faifan ba zai ƙare da wuri ba ko ta yaya. Wanda ke haɗa bidiyon biki ko na tafsirin azumi, yana zuba giga 200 kullum, shi tera 73 yake rubutawa a shekara, wato A400 ɗin nan da ƙyar zai wuce shekara ɗaya cikin alkawarinsa. Shi maganar tsawon rai ta shafe shi kai tsaye. Ka san a wane rukuni kake kafin ka yanke yawan filin da za ka sadaukar.

Idan Health Status ya nuna Caution ko Bad, dakata a nan. Kwashe kayanka ka nemi sabon faifai. Ware fili ba ya tayar da wanda ya riga ya kwanta.

Mataki na biyu: kwafe kayanka a wani wuri

Kafin ka taɓa komai, furojet da takardu da hotuna su kasance a wuri na biyu, filas ko faifan waje ko Google Drive. Dalili biyu ne. Za mu taɓa girman fatishan, wato yankin faifan da Windows ke nunawa da harafi kamar C, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakar aikin ana iya samun ɓarna. Na biyu, abin da aka goge daga SSD ba ya dawowa cikin sauƙi kamar a faifai mai juyawa. Na ga hawayen wata Hajiya mai shagon ɗinki da yaronta ya share foldar hotunan samfurinta na shekaru. Da mai juyawa ne da akwai fata. A SSD, cikin ɗan lokaci kwantirola ta wanke allunan. Idan kwamfutarka tana da BitLocker, makullin faifai na Windows, a kunne, ka rubuta lambobin ceto 48 da yake bayarwa a takarda ka adana.

Mataki na uku: tabbatar TRIM tana aiki

Wannan shi ne matakin da duk sauran suka rataya a kansa. Idan ka goge fayil, Windows ta san ya tafi, amma faifan bai sani ba sai an gaya masa. Umarnin da ke kai masa labarin shi ne TRIM, kuma Windows ta fara aika shi tun Windows 7 a 2009. In babu shi, kwantirola za ta ci gaba da kwafe matattun layuka daga allo zuwa allo tana zaton suna da rai. Kai kana ganin giga 80 a sarari, ita tana ganin faifai cikakke.

Rubuta cmd a wurin bincike, danna dama, zaɓi Run as administrator, sannan ka rubuta:

fsutil behavior query DisableDeleteNotify

Idan layin amsar da aka rubuta wa NTFS ya zo da 0, TRIM tana aiki. Idan 1 ce, an kashe ta, sai ka rubuta:

fsutil behavior set DisableDeleteNotify 0

Koma Optimize Drives ka duba ƙasa, ka tabbatar Scheduled optimization yana kunne, mako-mako. Akwai masu gyara da ke kashe shi saboda sun ji an ce difirag, wato sake jera gutsattsarin fayiloli wuri ɗaya, yana cutar da SSD. Gaskiya ne kada ka kawo wata manhajar difirag daga waje ka sake ta a kan SSD, amma wannan na Windows ya san irin faifan da ke gabansa, kuma aikinsa na mako shi ne sake aika TRIM. Ka bar shi.

Masu Linux su rubuta sudo fstrim -av don a yi nan take, sannan sudo systemctl enable --now fstrim.timer don ya riƙa yi duk mako. Ubuntu takan zo da shi a kunne. Mai Mac da ya sa faifan SATA wanda ba na Apple ba, sudo trimforce enable.

Mataki na huɗu: sharar gida

Yanzu sai a samo filin. Fara da Settings, System, Storage, Temporary files. Ka jira ya gama ƙirga. Windows Update Cleanup da Previous Windows installation su ne manya. Na biyun shi ne foldar Windows.old, wadda takan haura giga 10, kuma Windows kan share ta da kanta bayan kwana 10 da sabuntawa, amma ba kullum take tafiya ba. Ka lura da akwatin Downloads a cikin jerin. Kada ka sa masa alama sai ka shiga ka gani da idonka, domin mutanenmu da yawa can suke ajiye takardun shaidarsu da silif ɗin JAMB.

Daga nan sauke WizTree ko WinDirStat. Za su zana maka taswirar faifan, babban fayil babban akwati. Kusan kullum abin da nake tararwa iri ɗaya ne: fina-finan da aka turo ta Xender aka manta, wasan ƙwallo mai giga 40 ko 50, fayilolin ISO na Windows da Office da aka gama amfani da su tuntuni, da bidiyon WhatsApp. A kwamfutar ɗalibin nan fina-finai kaɗai sun ci giga 70. Irin wannan kaya ba ya buƙatar saurin SSD. Fim yana wasa lafiya lau daga faifai mai juyawa. Idan an cire maka tsohon faifanka lokacin sa SSD, sayi ƙaramin gidan USB ka saka shi a ciki, ka mayar da shi rumbu. Masu sana'ar tura fina-finai da wa'azi a waya su ma shawarata gare su ke nan: Windows da manhajoji a SSD, kayan turi a mai juyawa.

Masu Premiere Pro su duba Media Cache, masu Photoshop su duba inda Scratch Disk yake. Waɗannan sukan kumbura a ɓoye.

Sai System Restore. Rubuta Create a restore point, danna Configure, ka ja Max Usage zuwa kashi 3 ko 5. Kada ka kashe shi ɗungurungum, ranar da direba ya rikita kwamfutar za ka neme shi.

Akwai fayil mai suna hiberfil.sys, na hibernation, wato adana aikinka a faifai kafin kwamfuta ta mutu, da ke cin kimanin kashi 40 na girman ram ɗinka, wato sama da giga 6 idan ram ɗin 16 ne. Umarnin powercfg /h off yana kawar da shi. A kwamfutar tebur ina yin haka ba tare da tunani biyu ba. A laftof kuwa ina bari, saboda yanayin wutarmu. Idan batir ya kusa mutuwa, shi ne ke adana aikin da kake ciki kafin ta mutu. Giga 6 bai kai babi guda na furojet daraja ba. Shi kuma pagefile, fayil ɗin da Windows ke jingina da shi idan ram ya cika, kada ka taɓa shi sam, musamman idan ram ɗinka 4 ne ko 8. Duk wanda ya ce ka kashe shi don kare SSD, shawarar zamanin da ce.

Bayan ka gama, zubar da Recycle Bin, koma Optimize Drives ka danna Optimize. Sannan ka bar kwamfutar a kunne a jikin caja, ba ka aiki kuma ba ta yi barci ba, kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, kwantirola ta samu damar wanke allunanta.

Mataki na biyar: nawa za a bari, kuma ta wace hanya

Ga ma'aunin da nake aiki da shi. Mai aikin ofis da karatu ya bar kashi 10 zuwa 15. Mai faifai mai araha, irin marar DRAM, wato ƙaramin ram na cikin faifan, kamar A400 ko Crucial BX500, ko mai QLC, ya bar 20. Mai haɗa bidiyo ko mai rumbun bayanai da ake rubutawa kullum ya bar 20 zuwa 25. Ƙaramin faifai ya fi babba buƙatar kulawa, domin kashi 10 na giga 119 giga 12 ne kacal, sabuntawar Windows guda ɗaya tana iya lashe shi.

Hanya biyu ce. Ta farko, ka bar filin a cikin C kawai, kada ka cika. Muddin TRIM tana aiki, kwantirola tana amfani da wannan filin kusan kamar nata. Wannan hanyar ta fi, domin Windows ma tana cin moriyar filin lokacin sabuntawa. Sharaɗinta ɗaya, kamun kai.

Ta biyu, ka yi wa filin shinge yadda Windows ba za ta iya rubutu a ciki ba. Wannan nake yi wa kwamfutar gida da yara ke amfani da ita, da ta shagon intanet, da ta shagon buga takardu, da duk wanda na san zai dawo mini da layi ja bayan wata uku. Ga yadda ake yi, kuma jerin yana da muhimmanci.

Fara da danna Optimize kamar yadda na faɗa. Idan ka yanke fili kafin TRIM ta bi ta kansa, kwantirola za ta ci gaba da ɗaukarsa wuri mai kaya, Windows kuma ba za ta sake aika labari game da shi ba tunda ya fita daga hannunta. Ka yi asarar fili a banza ke nan. Wannan kuskuren na fi gani a wurin masu gyara.

Jona caja. In kwamfutar tebur ce, a kan UPS ko inbata, kada a yi wannan aikin a kan wutar da ba ka da tabbacinta. Danna dama a kan maɓallin Start, zaɓi Disk Management. Danna dama a kan C, zaɓi Shrink Volume. Zai tambaye ka adadi da megabayit, don haka ka ninka gigar da kake so da 1,024. Don kashi 10: faifai mai 119 a sa 12288, mai 238 a sa 24576, mai 476 a sa 49152, mai 931 a sa 95232. Danna Shrink. Wani yanki mai baƙin layi zai bayyana da sunan Unallocated. Ka bar shi haka. Kada ka yi masa fomat, kada ka ba shi harafi. Ba sai ka gaya wa faifan komai ba, kwantirola ba ta san fatishan ba, ita dai ta ga wuraren da ba a rubutu ta haɗa da nata.

Wani lokaci Windows takan ƙi ba ka adadin da ka nema ko da fili yana nan, saboda wasu fayilolin da ba ta iya matsarwa sun zauna a ƙarshen fatishan. Kashe hibernation da System Restore na ɗan lokaci, sake kunna kwamfutar, gwada kuma, sannan ka mayar da su.

Mai faifan Samsung yana iya yin duk wannan daga manhajar Samsung Magician, a sashen Over Provisioning, inda take ba da shawarar kashi 10. Crucial ma tana da irinsa a Storage Executive. Abin da suke yi bai bambanta da wanda muka yi da hannu ba.

Ko da ka yi shinge, C yana buƙatar nasa sararin, aƙalla giga 20, don sabuntawa da fayilolin wucin gadi. Wannan ne ma ya sa ba na son al'adar raba faifai mai 256 gida biyu, C da D. Sai ka tarar C ya shaƙe, Windows ta kasa sabuntawa, D kuma yana zaune da giga 90 babu komai. Faifan da bai kai 512 ba, a bar shi fatishan ɗaya.

Ranar da ka matsu da buƙatar filin, danna dama a kan C ka zaɓi Extend Volume, zai dawo maka cikin daƙiƙoƙi, muddin yankin yana manne da C ta dama.

Sabon faifai, na hannu, da na waje

Sabon faifai ya fi sauƙi. Lokacin sa Windows, a shafin zaɓen wuri, danna New ka rubuta girman da bai kai duka ba, ragowar ka bar shi. Tunda ba a taɓa rubutu a kai ba, babu buƙatar wani shiri.

Faifan da aka ciro daga wata kwamfuta kuwa sai an wanke shi tukuna. Mafi kyau shi ne Secure Erase daga manhajar kamfanin ko daga BIOS idan tana da shi. Mai Linux yana da blkdiscard, amma ya karanta sunan faifan sau uku kafin ya danna, domin abin da ya share ba ya dawowa. In duk babu, yi fatishan ɗaya da ya cinye faifan duka, yi masa fomat mai sauri a NTFS, danna Optimize, sannan ka rage shi. Haka kuma duk wanda ya yi kulonin, wato kwafe faifai ɗungurungum, daga tsohon faifai zuwa SSD, musamman irin kwafin da ke bin kowane lungu, ya danna Optimize da zarar Windows ta tashi.

SSD da ke cikin gidan USB ita ce ta fi amfana da shinge, domin gidaje masu araha da yawa ba sa isar da TRIM. Idan Optimize Drives ya ce Optimization not available, ko ya nuna ta a matsayin mai juyawa, to labarin ba ya isa. Irin wannan, tun tana sabuwa ka yi fatishan da bai wuce kashi 80 ko 85 ba, kafin ka zuba komai.

Na'urar ɗaukar hoton kyamarorin tsaro kuma kada a sa mata SSD ta gida. Rubutu take yi awa 24, kuma a cike take aiki kullum. Akwai faifai mai juyawa da aka ƙera don ita.

Abin da fili ba zai yi maka ba

A Sakkwato zafi abokin lissafi ne. Yawancin SSD na gida an ƙera su su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 70, kuma idan suka kusanci saman sukan rage gudu da kansu don kada su ƙone. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da iskar gari kanta ta haura 40, ƙaramin faifan NVMe a cikin laftof da aka ɗora a kan katifa ba ya daɗewa kafin ya kai can. Idan ka ware fili, TRIM tana aiki, amma har yanzu saurin yana faɗuwa da rana ya dawo da dare, duba zafin a CrystalDiskInfo. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, don haka a buɗe a busa kafin bazara ta shigo, a ɗaga bayan laftof daga tebur iska ta ratsa.

Zafin yana taɓa ajiya ma. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin ƙwayoyin ajiya, ta faifan gida ita ce, wanda ya cinye alkawarin rubutunsa ya riƙe bayanai shekara ɗaya ba wuta a digiri 30. Ɗakunanmu sun fi haka zafi watanni da yawa, kuma zafi yana gaggauta zubewar cajin da ke riƙe bayanan. Hotunan aure da takardun fili kada a zuba su a tsohuwar SSD a jefa cikin akwati shekaru. A ajiye kwafi a mai juyawa, wani kuma a intanet.

Sai jabu. Akwai faifan da aka rubuta wa tera 1 ko 2 da suna marar asali da farashin da bai kai na 256 ba. Araha ba ta ado. Wasunsu an yi wa kwantirolarsu dabara ne ta faɗi girman ƙarya, sai ka wuce ainihin girman kayanka su fara lalacewa. Kafin ka amince da sabon faifan da kake shakka, gwada shi da H2testw, wadda ke cika shi da rubutu ta karanto ta gani ko ya dawo daidai. Sau ɗaya ya isa, bayan nan ka goge fayilolin gwajin ka danna Optimize.

In kuma bayan duk sharar nan ka ga ba za ka iya sauka ƙasa da kashi 90 ba, faifan ya yi maka kaɗan. Windows 11 kaɗai tana neman giga 64 kafin ta yarda ta shiga, don haka 128 ba ta da wani sarari a yau. Mai saye yanzu ya fara daga 256, in da hali 512, wadda a jeri ɗaya alkawarin rubutunta kan ninka na 256 sau biyu. Ɗalibin nan dai bai sayi komai ba. Mun kwashe fina-finansa zuwa tsohon faifansa, muka share Windows.old, muka yi shingen giga 24, C ya koma da sarari giga 61. Na sa masa tunatarwa a waya ya buɗe CrystalDiskInfo farkon kowane zangon karatu, ya rubuta lambar lafiyar da ke Health Status da Total Host Writes da zafin a bayan littafinsa, ya kawo mini in lambar lafiyar ta sauka da fiye da maki biyar tsakanin dubawa biyu.